ALKAWARI KAYA NE: SHARI'AR FANSHON MA'AIKATAN JAMI'A A JIHAR ILINOI TA AMURKA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya umarce ni in yi magana a kan halin da ma'aikaci kan shiga bayan ya ajiye aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma in Allah ya ja kwana, da sauran fiye da shekara ashirin kafin in shiga sahun 'yan fansho. To, amma in an duba wannan zaure za a ga maganar ta shafi kowa. Ga malamanmu da suka riga suka yi ritaya. Ga yayyenmu da ke koyarwa a jami'o'i da manyan kwalejoji, waɗanda suka fara ƙidayar shekarun da suka rage musu. Ga mu nan kuma, waɗanda ake yankar wani abu daga albashinmu kowane wata da sunan tanadin tsufa.

Na zaɓi in kawo muku labarin shari'a guda ɗaya da aka yi a Jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, inda gwamnati ta rage fanshon ma'aikatanta, har da na jami'o'i, su kuwa suka kai ta kotu. Dalilina shi ne an yi wannan shari'a har ƙarshenta, an ji hujjar kowane ɓangare, kuma an sami shekaru fiye da goma ana ganin abin da ya biyo baya. Abin da nake so mu tafi gida da shi kuwa shi ne, fansho ƙafa biyu gare shi: alkawarin da aka rubuta, da kuɗin da aka ajiye don cika alkawarin. Kotu tana iya tsare ta farko. Ta biyun kuwa, in masu ita ba su sa ido ba, babu alƙalin da zai tsare musu.

JIHAR DA ASUSUNTA

Ilinoi ita ce jihar da birnin Shikago yake cikinta, hedkwatarta kuwa Springfield. Tana da manyan asusun fansho guda biyar: na malaman makarantu, na ma'aikatan gwamnatin jiha, na ma'aikatan jami'o'i, na 'yan majalisa, da na alƙalai. Na jami'o'in, wanda suke kira SURS a taƙaice, an kafa shi cikin 1941. Ya haɗa shehunan malamai da malamai da akawuna da masu gadi da masu shara na jami'o'in jiha da ƙananan kwalejoji. Kowane ma'aikaci ana yankar kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a zuba a asusun, gwamnatin jiha kuma ta zuba nata kason.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Yawancin ma'aikatan Amurka suna da wani fansho na gama-gari daga gwamnatin tarayya, wanda suke kira Social Security. Ma'aikatan jami'o'in Ilinoi ba sa cikin wannan tsari a kan aikinsu na jami'a. Watau wanda ya ƙare rayuwarsa yana aikin jami'a, wannan asusu shi ne gatansa, ba shi da wani. In an taɓa shi, an taɓa tukunyar gidansa ke nan.

JIMLA GUDA A TSARIN MULKI

Cikin 1970 wani babban taro ya sake rubuta tsarin mulkin jihar. Tun a lokacin asusun fansho ba su da lafiya, domin abin da ke cikinsu bai wuce kimanin kashi 42 cikin ɗari na abin da ya kamata a ce an tara ba. Ma'aikata suka tsorata, musamman na jami'o'i, suka yi ta aika wa wakilan taron takardu cewa a kare su. Wakilai biyu, Helen Kinney da Henry Green, suka gabatar da wata ƙa'ida da aka kwaikwayo daga tsarin mulkin Jihar New York. Ita ce ta zama sashe na 5 na babi na 13.

Jimla ɗaya ce tak. Ma'anarta ita ce, shiga kowane asusun fansho na gwamnati yarjejeniya ce wadda kotu za ta iya tilasta a cika, kuma ba za a rage ko a tauye amfanin da ke cikinta ba. Ba a sa "sai dai" ba, ba a sa "in hali ya yi" ba. Ku riƙe wannan, domin a kansa shari'ar duka ta rataya.

Sai dai jimlar ba ta ce kome ba game da yawan kuɗin da gwamnati za ta riƙa zubawa kowace shekara. Ƙungiyoyin ma'aikata sun gwada sa'arsu a kan wannan. Sun kai ƙara suna neman kotu ta tilasta wa gwamnati ta zuba kasonta yadda ya kamata, aka yanke hukunci cikin 1975, da kuma cikin 1998. Sau biyun Kotun Ƙoli ta jihar ta ce a'a. Ta ce abin da tsarin mulki ya ba ma'aikaci shi ne haƙƙin a biya shi fanshonsa in lokaci ya yi. Yadda za a tara kuɗin kuwa, wannan aikin majalisa ne. Ta nan ɓaraka ta shigo.

YADDA RAMIN YA YI ZURFI

Jama'a, kowane ɗan siyasa ya san gina hanya da buɗe asibiti suna kawo ƙuri'a, amma zuba kuɗi a asusun da ba za a buƙace shi ba sai bayan shekara talatin ba ya kawo ko tafi. Saboda haka gwamnatoci, na wannan jam'iyya da na waccan, suka mai da asusun fansho wurin rance. Ma'aikaci dai ba a taɓa fasa yankar nasa kashi 8 ba. Gwamnati ce kan biya rabi, ko ta ce sai baɗi.

Cikin 1989 aka yi dokar da ta sa fanshon kowa zai riƙa ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari duk shekara, ƙari a kan ƙari. Wanda ya iya lissafi ya san irin wannan ƙari yana ninka kuɗi cikin kimanin shekara 24. An yi alkawarin, ba a tanadi kuɗinsa ba.

Cikin 1994, zamanin Gwamna Jim Edgar, aka yi dokar da aka ce za ta gyara kome. An tsara cewa kafin 2045 za a cika asusun zuwa kashi 90 cikin ɗari. Amma aka shirya biyan yadda shekaru goma sha biyar na farko za a riƙa zuba ɗan kaɗan, nauyin ya faɗa kan gwamnatocin da za su zo daga baya. Cikin 2003 Gwamna Rod Blagojevich ya ciwo bashin dala biliyan 10 don toshe wani sashe na ramin. Ba a jima ba kuma aka yi dokar da ta rage abin da gwamnati za ta zuba a shekarun kuɗi na 2006 da 2007 da fiye da dala biliyan 2. Sai ga karyewar kasuwannin duniya ta 2008 ta zo ta cinye wani ɓangare na jarin asusun. Har ta kai cikin Maris 2013 hukumar tarayya mai lura da kasuwar hannun jari ta tuhumi jihar da ɓoye wa masu ba ta rance gaskiyar halin da asusun ke ciki.

A wannan shekara ta 2013 giɓin ya kai kimanin dala biliyan 100, watau miliyan dubu ɗari. Abin da ke cikin asusun biyar ɗin kuwa kimanin kashi 41 ne cikin ɗari. Ku duba, shekara arba'in da uku bayan rubuta waccan jimla, ana nan inda aka baro. Hausawa sun ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya.

DOKAR 2013

Ran 3 ga Disamba 2013 majalisar jihar ta zartar da dokar rage fansho, da ƙyar: ƙuri'a 62 da 53 a majalisar wakilai, 30 da 24 a ta dattawa. Bayan kwana biyu Gwamna Pat Quinn ya sa hannu. Masu dokar sun ce za ta rage wa jihar kashe kimanin dala biliyan 160 cikin shekara talatin.

Babban abin da dokar ta taɓa shi ne ƙarin nan na shekara-shekara. Maimakon a lissafa kashi 3 a kan dukan fanshon mutum, sai a lissafa a kan dala 1,000 sau yawan shekarun da ya yi yana aiki. Alal misali, a ce malami ya yi shekara 30, fanshonsa dala 40,000 a shekara. A tsohon tsari ƙarinsa na shekarar farko dala 1,200 ne. A sabon tsari za a lissafa a kan dala 30,000 kawai, ƙarin ya zama dala 900. Bambancin kamar ba yawa, amma in aka bi shi shekara ashirin, dukiya ce mai yawa ta salwanta, kuma a daidai lokacin da mutum ya fi buƙatar kuɗin magani.

Bayan wannan, dokar ta ce waɗanda ke bakin aiki za a tsallake musu ƙarin na wasu shekaru bayan sun yi ritaya, gwargwadon shekarun haihuwarsu. Ta ƙara wa masu shekara 45 zuwa ƙasa wa'adin ritaya, wasu har da shekara biyar. Ta kuma sa iyaka ga yawan albashin da za a lissafa fansho a kansa. Don a ɗan shafa wa ma'aikata mai a baki, aka rage abin da ake yanka daga albashinsu da kashi 1 cikin ɗari. Asusu huɗu dokar ta shafa. Na alƙalai ba a taɓa shi ba, mutane kuwa ba su rasa abin faɗa a kan haka ba.

A jami'o'i hankali ya tashi. Wani sashe na dokar ya canja yadda ake lissafa fanshon yawancin tsofaffin ma'aikatan jami'a, har malamai da dama suka ga gara su ajiye aiki kafin dokar ta fara aiki a tsakiyar 2014, kada su yi asara. Jami'a kuwa in manyan malamanta suka fita a lokaci guda, ɗalibai ne ke ji a jikinsu.

A GABAN KOTU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu wani tsohon malami da zai iya biyan lauyoyin da za su ja da gwamnatin jiha shi kaɗai. Abin da ya taimake su shi ne suna da ƙungiyoyi tun kafin rana ta ɓaci. Ƙararraki biyar aka shigar: na tsofaffin malaman makaranta, na tsofaffin ma'aikatan jiha, na haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, da kuma na ƙungiyar 'yan fanshon jami'o'i, wadda ake kira SUAA. Aka haɗa su wuri ɗaya a kotun gundumar Sangamon, a gaban Mai Shari'a John Belz. Cikin Mayu 2014 ya dakatar da aiki da dokar har sai an gama shari'a.

Ana cikin haka, cikin Yuli 2014, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a dabam da ake kira Kanerva. Gwamnati ta yi doka cikin 2012 cewa 'yan fansho su fara biyan wani abu na inshorar lafiyarsu, wadda a da kyauta ce ga wanda ya yi shekara ashirin yana aiki. Kotun ta ce wannan ma yana cikin amfanin da tsarin mulki ya hana a rage. Daga nan masu lura suka fara gane inda iska ta dosa.

Babbar Lauyar jihar, Lisa Madigan, ita ta tsaya wa gwamnati. Ya kamata mu yi wa hujjarta adalci, domin hujja ce mai nauyi. Ba ta musa cewa dokar ta rage fansho ba. Cewa ta yi kowace gwamnati tana da ikon ɗaukar matakin gaggawa don ceton jama'a in masifa ta taso, ko da matakin zai taɓa yarjejeniyar da ta ƙulla. Ta ce kuɗin fansho na cinye abin da za a kashe wa makarantu da asibitoci da tsaro, kuma a dokar Amurka jiha ba ta da damar zuwa kotu ta ce ta karye a yafe mata bashi, yadda birni ko kamfani kan yi. In ba a rage ba, in ji ta, yaran makaranta da marasa lafiya ne za su biya.

Ran 21 ga Nuwamba 2014 Mai Shari'a Belz ya soke dokar. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara kai tsaye zuwa Kotun Ƙoli, aka saurari lauyoyi cikin Maris 2015.

HUKUNCI

Ran 8 ga Mayu 2015 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli, baki ɗaya, suka tabbatar da cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Mai Shari'a Lloyd Karmeier ne ya rubuta hukuncin. Ga dalilansu a taƙaice.

Na farko, kalmomin a fili suke. An ce kada a rage, dokar kuwa ta rage. Kuma kariyar tana farawa ne tun ranar da mutum ya kama aiki ya shiga asusun, ba sai ranar da ya yi ritaya ba.

Na biyu, waɗanda suka rubuta tsarin mulkin sun san yadda ake sa togaciya. A sashen da ya ba mutane damar mallakar makami, sun rubuta ƙarara cewa wannan dama tana ƙarƙashin ikon gwamnati na kare jama'a. A sashen fansho ba su rubuta haka ba. Abin da jama'a suka hana majalisa a tsarin mulki, majalisa ba za ta dawo ta ƙofar baya ta ɗauka ba.

Na uku, kuma shi ya fi yi wa gwamnati zafi, kotun ta ce wannan masifa ba daga sama ta faɗo ba. Ta tuna musu cewa tun 1917 wani kwamiti da majalisa ta kafa ya yi gargaɗin cewa asusun fansho na kan hanyar durƙushewa. Majalisa ce da kanta ta yi ta ƙin zuba kuɗi. Daɗin daɗawa, cikin 2011 an ɗaga harajin kuɗin shiga daga kashi 3 zuwa kashi 5 na ɗan lokaci, amma a farkon 2015 aka bar shi ya sauka zuwa kashi 3.75, alhali ana gaya wa kotu babu kuɗi. Kotun ta ce akwai wasu hanyoyi, kamar ƙara haraji ko sake tsara biyan bashin, waɗanda za su raba nauyin a kan kowa maimakon a jibga shi a kan ma'aikata kaɗai. Ta rufe da cewa shiga matsi ba hujja ba ce ta yin watsi da doka, lokacin ne ma ya fi kamata a tsaya mata. Mu a nan sai mu ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Cikin Maris 2016 kotun ta sake soke irin wannan doka da aka yi wa ma'aikatan birnin Shikago, a kan dalili guda.

BA KO'INA AKA YI NASARA BA

Kada a ɗauka duk inda 'yan fansho suka je kotu a Amurka sukan yi nasara. A Jihar Kolorado, cikin 2014, Kotun Ƙoli ta yarda da rage ƙarin shekara-shekara. A New Jersey ma, cikin 2016, kotu ta yarda da dakatar da shi. Waɗannan jihohi ba su da jimla mai ƙarfi irin ta Ilinoi. Birnin Detroit kuwa, ko da yake tsarin mulkin Jihar Michigan ya kare fansho, da ya karye cikin 2013 alƙalin tarayya ya ce dokar karyewa ta tarayya ta fi ƙarfin wannan kariya, aka kuwa yanke kashi 4.5 cikin ɗari daga fanshon ma'aikatan birnin na gama-gari. Watau bambancin kalma ɗaya ko biyu a takarda, ko bambancin wanda ake bi bashin, shi ke raba mai dariya da mai kuka.

BAYAN NASARA

Yanzu sai mu zo ga ƙafa ta biyu. Hukuncin 2015 ya mayar wa 'yan fansho haƙƙinsu, amma bai ƙara ko sisi a asusu ba. Zuwa 2024 giɓin ya haura dala biliyan 140, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafin kuɗin jihar na yau da kullum a kan fansho yake tafiya. To, wa ya biya?

Masu biyan haraji sun biya, domin cikin 2017 an mayar da harajin kuɗin shiga kashi 4.95. Jami'o'i sun biya, domin an kai lokacin da abin da jihar ke zubawa a asusun fanshon jami'o'i ya zarce abin da take ba jami'o'in kansu don gudanar da aiki, su kuwa suka ƙara wa ɗalibai kuɗin makaranta. Da rikicin kasafin kuɗi ya ɓarke tsakanin Gwamna Bruce Rauner da majalisa, jihar ta yi shekara biyu, daga 2015 zuwa 2017, ba cikakken kasafi. Jami'ar Jiha ta Shikago ta sallami ma'aikata fiye da 300 cikin 2016.

Amma waɗanda suka fi kowa biya su ne sa'o'ina da ƙannenmu. Tsarin mulki ya kare wanda ya riga ya shiga asusu, bai kare wanda bai kama aiki ba tukuna. Saboda haka tun cikin 2010 aka yi doka cewa duk wanda aka ɗauka daga 1 ga Janairu 2011 yana cikin aji na biyu. Ɗan aji na farko a jami'a yana iya ritaya da cikakken fansho yana da shekara 62, ko kuma a kowace shekara in ya yi talatin yana aiki. Ɗan aji na biyu sai ya kai 67. Na farko ana lissafa masa a kan shekaru huɗu mafi tsoka na albashinsa, na biyu a kan takwas. Ƙarin shekara-shekara na ɗan aji na biyu rabin hauhawar farashi ne, ba zai wuce kashi 3 ba, kuma babu ƙari a kan ƙari. Duk da haka kashi 8 ɗin nan guda ake yankar masa. Malamai biyu a ofis ɗaya, aiki ɗaya, amma ɗaya yana taya biyan bashin da aka ci tun yana firamare. Wannan babu kotun da ta hana, domin ba a karya masa wani alkawari ba. Ƙaramin alkawari aka yi masa tun farko.

MU FA?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da tamu jimlar. Sashe na 173 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi magana a kan fanshon ma'aikatan tarayya, sashe na 210 kuma a kan na jihohi. Sun ce ba za a riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa ko a canja shi ta yadda zai cutu ba. Sun ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Sun kuma hana a sa wa fansho haraji. Sai dai tamu jimlar tana da wutsiya, domin ta ce sai dai gwargwadon abin da wata doka ta halatta. Wannan ita ce irin togaciyar da ta Ilinoi ba ta da ita. A wani gefen kuma mun fi su, domin umarnin sake duba fansho duk shekara biyar a rubuce yake a tsarin mulkinmu. Tun gyaran 2010 kuwa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraren ƙarar fansho da garatuti.

Cikin 2004 ƙasarmu ta koma tsarin karo-karo, aka sake dokar cikin 2014: ma'aikaci ya ba da kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10, kuɗin ya shiga asusu mai sunan ma'aikacin. Dokar ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ma'aikatan jami'o'i ma sun kafa nasu kamfanin kula da fansho, NUPEMCO, kuma dokar 2012 ta ba farfesa damar aiki har shekara 70, ya kuma tafi da albashinsa a matsayin fansho. Duk wannan a takarda ya yi kyau. Amma cikin 2025 sai da gwamnatin tarayya ta amince da ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan bashin fansho da ya taru shekara da shekaru, har da cikon na farfesoshi. Ciwon dai guda ne da na Ilinoi: alkawari ya yi gaba, kuɗi na baya.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana abu huɗu. Na ɗaya, kowa ya riƙa neman bayanin asusunsa na fansho a kai a kai, ya gwada shi da takardar albashinsa. In an yanka ba a tura ba, a yi magana tun wata ɗaya bai zama shekara goma ba. Na biyu, kowa ya adana takardunsa wuri guda: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, da sunan magaji, ya kuma nuna wa iyalinsa inda suke. Shari'ar fansho da takarda ake cinta. Na uku, mu shiga ƙungiyoyinmu na ƙwadago da na 'yan fansho, mu biya kuɗin ƙungiya, mu kuma tambayi shugabanninmu nawa gwamnati ta sa wa fansho a kasafin bana, nawa kuma ta saki. In za a sasanta da gwamnati, a tuna da waɗanda ba su kama aiki ba tukuna, kada a sayar da su don a tsira da na yau. Na huɗu, ina ba wannan ƙungiya shawarar ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti na lauyoyi da akantocin da ke cikinmu, wanda zai riƙa taimaka wa tsofaffin malamanmu da iyalan waɗanda suka rasu wajen bin haƙƙinsu, ba tare da an karɓi kome daga gare su ba. Su suka koya mana rubutu da lissafi. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce suna yawo da fayil daga ofis zuwa ofis alhali ɗalibansu ne ke zaune a ofisoshin.

Wannan magana ta ƙarshe ta fi shafar irina. Mu ma'aikatan gwamnati, mu ne muke rubuta takardar da za a ce a jinkirta biyan kason fansho zuwa baɗi, mu ne kuma fayil ɗin tsoho ke kwana a teburinmu. Wanda ke kan kujera yau ya tuna cewa layin da yake gani ta taga, nan zai tsaya gobe.

 Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa mu gama aiki lafiya mu ci guminmu cikin mutunci.